ZUWA DA KAI YA FI SAƘO

Karatu: Markus 1:29-34

Kafin ka ci gaba, buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wurin nan da ke sama da kanka, a hankali. Ayoyi shida ne kawai.

Ranar Asabar ce a Kafarnahum. Yesu ya gama koyarwa a majami'a, labarinsa ya fara bazuwa cikin ƙasar Galili. Daga nan ya wuce gidan Bitrus da Andarawas, Yakubu da Yahaya suna tare da shi. A cikin gidan surukar Bitrus tana kwance, jikinta zafi rau. Luka, wanda shi likita ne, da ya ba da labarin nan a sura 4 ya nuna mana cewa zazzaɓin mai tsanani ne. To, me Ubangiji ya yi? Mun sani yana da ikon warkarwa daga nesa. A Yahaya sura 4 ya warkar da ɗan wani ma'aikacin sarki, yaron yana Kafarnahum shi kuwa yana Kana, kuma shi ma zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Amma a gidan Bitrus bai tsaya a zaure ya aika da magana ba. Ya shiga har inda matar take, ya tsaya a kanta, hannunsa ya taɓa nata. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Allah da kansa haka ya yi da mu. Ya daɗe yana aiko da annabawa, amma da lokaci ya cika sai ya zo da kansa cikin Ɗansa, ya zauna a tsakiyarmu.

Yau ina so in kai ka wasu gidaje inda zazzaɓi yake kwantar da yara, a wata ƙasa da ba ta da nisa da mu.

Idan ka bi ta Cikanda a jihar Kwara ka tsallaka iyaka, ka wuce Nikki, sai ga ka a Paraku, babban birnin arewacin Jamhuriyar Benin, wanda su suke rubutawa Parakou. Nan ne layin dogo da ya taso daga Kwatano ya ƙare. Daga Paraku ka yi yamma kamar kilomita 135, sai Jugu, wato Djougou. A kowane ɗaya cikin garuruwan nan biyu akwai unguwa mai suna Zango. Sunan nan kakanninmu ne suka bar shi. Kafin Turawa su zana iyakoki, fatake sukan taso daga Kano da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da jima, madugu yana gaba, su ratsa ƙasar Bargu su nufi Gwanja sayen goro a Salaga. Paraku da Jugu suna kan wannan hanya. Inda ayari yake sauke kaya ya kwana, shi ne zango. Wasu suka sauka ba su ƙara tashi ba, suka yi aure, suka haihu, jikokinsu suna nan har yau tare da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa. Dandanci ne harshen da ya fi yawo a kasuwannin garuruwan, Faransanci kuma na makaranta da ofis, amma ka shiga Zango ka yi sallama da Hausa, za a amsa maka da Hausa.

Ka lura da wannan da kyau, domin a nan maganata take. Bature ɗan mishan yakan yi shekaru yana fama da koyon harshe kafin ya iya tambayar uwa yadda ɗanta ya kwana. Kai an haife ka da wannan mabuɗi a bakinka. Ba ka biya ko kwabo ba. Ka taɓa tambayar kanka don me Allah ya ba ka shi?

Damina a can ta fi ta Kano tsawo, daga wajen Mayu har Oktoba, kuma inda ruwa ya kwanta sauro yana biye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an sami kamuwa da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka mutu. Kashi 95 cikin 100 na mamatan a Afirka suke, kuma kusan uku cikin kowane huɗu yara ne da ba su cika shekara biyar ba. Ka raba da kwanakin shekara, za ka ga yara fiye da dubu ɗaya ke nan kowace rana. Mu fastoci ba a takarda muka san wannan lissafi ba. Mun san yadda gawar ɗan shekara biyu ba ta da nauyi a hannu, da yadda uwa take tsayawa a bakin kabari ba ta iya ko kuka.

Na san abin da wani zai ce: Fasto, ai mu ma muna da namu zazzaɓin, Nijeriya ce ma ta fi kowace ƙasa yawan masu mutuwa da shi, don me za mu tsallaka iyaka? Gaskiya ne, kuma wanda bai rataya wa 'ya'yansa gidan sauro ba, kada ya fara neman kuɗin mota zuwa Jugu. Amma ikkilisiyar da ta ce sai ta gama share hawayenta kafin ta dubi na wani, ba za ta taɓa fita ƙofa ba. Waɗanda suka kawo mana bishara su ma sun baro matalauta a garuruwansu. A watan Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar shigowa ƙasar Hausa. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe Gowans a Girku, Kent kuma ya mutu a Bida. Bingham zazzaɓi ya kusa gamawa da shi, ya koma gida, ya sake dawowa, zazzaɓin ya sake korarsa. Daga wannan mafari ne aikin SIM ya tsiro, daga shi kuma ikkilisiyar ECWA. Ana bin mu bashi, 'yan'uwa, kuma ba Turawa za mu biya ba.

Akwai kuma wani tunani da ya kamata mu gyara a tsakaninmu. Wasu masu bi suna ganin addu'a ita ce aikin ruhaniya, gidan sauro da magani kuwa aikin gwamnati ne, ko ma alamar ƙarancin bangaskiya. Buɗe Maimaitawar Shari'a 22:8. Allah ya umarci mai gina sabon gida ya kewaye bakin soronsa da 'yar katanga, don kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau kan gidan. Ka gani? Allahn da yake da ikon aiko da mala'ika ya tare mai faɗuwa, shi ne ya ce a kwaɓa ƙasa a yi katanga. Riga-kafi ya fi magani, kuma tun kafin mu yi wannan karin magana yana cikin Shari'a. Gidan sauro shi ne katangar soro ta zamaninmu.

Tarihin bishara a ƙasarmu ma ya shaida haka. A 1841 jiragen ruwa uku na Ingila suka shigo kogin Kwara, Samuel Ajayi Crowther yana ciki. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, tafiyar ta watse. A 1854 aka sake shigowa ƙarƙashin likita William Baikie, Crowther yana ciki kuma. Wannan karon kowa yana shan kwinin kullum, aka hau har kogin Binuwai aka dawo ba wanda ya mutu. Mutanen 1841 ba su gaza yin addu'a ba. Abin da suka rasa shi ne sanin da Allah ya ba na bayansu. A lokacin ma ba wanda ya san sauro ne yake kawo ciwon, sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a ƙasar Indiya. Mu da muka sani, me za mu ce?

To, bari in faɗa maka abin da mai zuwa wannan aiki ya kamata ya riƙe a kansa, domin himma ba tare da sani ba takan yi ɓarna. Ba kowane sauro ne yake kawo zazzaɓi ba. Wani iri ne, kuma macen ce take cizo, yawanci daga faɗuwar rana zuwa asuba. Ba ta fi son kwata mai wari ba. Ta fi son ruwan sama da ya kwanta rana tana dukansa: kududdufin da aka haƙa don yin tubali, sawun shanu, sawun tayar mota, ramin da aka bari a bayan gida. Yashe kwata aiki ne mai kyau, amma matasan da suka yashe kwata suka bar waɗannan ba su taɓa maƙiyin ba. Idan ta ciji yaro, ƙwayar cutar takan fara zama a hanta, daga baya ta fito cikin jini, bayan kamar kwana 10 zuwa 15 da cizon jiki ya ɗauki zafi. Ga ƙaramin yaro, kwana ɗaya ya isa ciwon ya juya. Yaron da ya kasa shan nono, ko yake amai da duk abin da aka ba shi, ko ya fara jijjiga, ko ba ya farkawa sosai, ko tafin hannunsa ya yi fari fat don ƙarancin jini, wannan ba na jiƙo ba ne, ba na kemis ba ne, kuma kada a ce a bari gari ya waye. A ɗauke shi zuwa asibiti, a yi addu'ar a kan babur. Gwajin jini da ɗigo ɗaya daga yatsa minti 15 zuwa 20 ne. Maganin da ake bayarwa yanzu na kwana uku ne, kuma dole a shanye shi duka ko da yaron ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Nan ne iyaye da yawa suke tuntuɓe, su ɓoye sauran ƙwayoyin don wata rana.

Allah ya kuma ƙara wa zamaninmu makamai. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara biyar maganin riga-kafi wata-wata a lokacin damina a ƙasashe irin namu. A ranar 25 ga Afrilu 2024 ƙasar Benin ta fara yi wa jarirai allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro, sau huɗu ake yi, ana farawa daga wata shida. Nijeriya ta fara tata a Disamba 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa. Allurar ba ta hana ciwon gaba ɗaya, tana rage shi ne, shi ya sa ba ta ɗauke wa kowa gidan sauro ba. Mai ciki kuma akwai maganin da ake ba ta a wurin awo, aƙalla sau uku kafin ta haihu. Har sabon irin gidan sauro mai magani biyu, wanda aka yi domin sauron da ya saba da tsohon magani, a ƙasar Benin ɗin nan aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajensa kafin a amince da shi a 2023.

Ka ga kayan aiki suna nan. Abin da yakan rage shi ne taki na ƙarshe, daga ƙofar gida zuwa kan tabarmar yaro, kuma wannan taki ba mota ba jirgi da zai yi shi, sai ƙafar mutum. Gwamnati takan raba gidan sauro, ɗaya ga mutum biyu. Amma rabawa dabam, ratayawa dabam. Mu ma mun san yadda ake yi a unguwanninmu. Wani yana cikin ledarsa a ƙarƙashin gado ana jiran baƙo. Wani an kewaye lambu da shi saboda awaki. Wani maigida ne ya shiga ciki, yara suna ƙasa. Wata uwa ta gwada dare ɗaya ta ji fuskarta tana zafi, ta ce ba ta ƙarawa, alhali ba wanda ya gaya mata a shanya sabo a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana ciki, kada a wanke shi da omo mai ƙarfi, kada a baza shi a rana, a ɗinke shi idan ya huje, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Wa zai gaya mata? Wa zai zo da ƙusa da igiya ya dubi ɗakin ya nuna inda za a ɗaura? Wa zai tuna mata allura ta huɗu, wadda take zuwa watanni da yawa bayan ta uku, lokacin da kowa ya manta? Wa zai tambayi malamin makarantar allo ko an ƙidaya almajiran da suke kwana a zaurensa, su da ba uwa a kusa? Wannan aiki ba ya bukatar digiri. Yana bukatar mai jin harshen gidan, mai haƙuri, mai yarda ya tuɓe takalmi ya zauna. Ke 'yar'uwa ta Zumuntar Mata, wannan ƙofa taki ce fiye da tawa. Ni fasto iyakata zaure. Ke ce za ki shiga har ɗaki, ki ɗauki jariri, ki yi barka, a saurare ki, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Ba za mu kuma ci gaba da jingina da taimakon ƙasashen waje ba. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID, wadda ta daɗe tana ɗaukar nauyin yaƙi da zazzaɓi a Benin da Nijeriya, kuma aikin lafiya a ƙasashe da yawa ya girgiza. Hannun da yake bayarwa daga nesa yana iya janyewa dare ɗaya. Maƙwabci kuwa yana nan.

Yanzu ga magana mai nauyi, kuma ina roƙonka ka karɓe ta. Yawancin mutanen Zango Musulmi ne. Idan ka je, kada ka mai da gidan sauro ƙoto a bakin ƙugiya. Kada ka ce wa uwa sai ta zo sujada kafin a duba ɗanta. Kada ka tara yara da alewa a bayan idon iyayensu. Wannan ba bishara ba ce, ciniki ne, kuma mutane ba wawaye ba ne, suna ganewa. A Luka sura 17 Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya ne kawai ya komo ya gode. Ubangiji ya tambaya ina tara ɗin, amma bai mayar musu da kuturtarsu ba. A karatunmu na yau ma, da rana ta faɗi garin duka ya taru a ƙofar gidan Bitrus, ba mu ga ya tsai da kowa ya yi masa tambayoyi kafin ya taɓa shi ba. Ran yaron nan yana da daraja a wurin Allah ko iyayensa sun saurare ka ko ba su saurare ka ba. Ba kuwa ina cewa ka ɓoye wane ne kai. Ka faɗa tun a gaban Sarkin Zango da liman cewa kai Kirista ne, ikkilisiya ce ta aiko ka, ga abin da ya kawo ka. Wanda ya tambaye ka dalilin begenka, ka amsa masa da ladabi, ba tsoro ba kunya. Sauran aikin na Ruhu Mai Tsarki ne, shi ba ya bukatar wayonmu.

Ka kuma je da sanin cewa kai baƙo ne. Da ɗan gari akan ci gari. Ba daji za ka ba. Ma'aikatan SIM sun shiga arewacin ƙasar tun 1946, lokacin ana kiranta Dahome, kuma ikkilisiyoyin da suka tsiro daga wannan aiki suna nan da fastocinsu da dattawansu. Akwai asibitin mishan a Bembereke, arewa da Paraku, tun 1961. Akwai babban asibitin gwamnati da jami'a a Paraku, akwai asibiti a Jugu, akwai ma'aikatan lafiya na unguwa da suke wannan fama shekara da shekaru da ɗan abin da ake ba su. Ka rubuta wa ikkilisiyar can tukuna, ka tambaye su abin da suke bukata da lokacin da ya dace, ka yi aiki a ƙarƙashinsu. Idan kai ba ma'aikacin lafiya ba ne, kada ka ɗauki jakar magani kana rabawa. Nas da likita ma sai da izinin hukumar ƙasar. Ka riƙe takardun tafiyarka da katin allurar shawara. Tun 2021 ana samun hare-haren 'yan bindiga a can ƙuryar arewacin Benin, wajen iyakar Nijar da Burkina Faso, saboda haka inda masu masaukinka suka ce kada ka bi, kada ka bi. Kai ma ka kwana cikin gidan sauro. Abafaroditas, wanda ikkilisiyar Filibi ta aika ya yi wa Bulus hidima, ya yi ciwo har bakin mutuwa a cikin aikin, Bulus kuma ya ce a girmama irinsa. Hidima tana da tsada, amma kada ka ƙara mata tsada da ganganci.

Abu ɗaya da nake ƙi shi ne ziyarar hoto. A zo da mota cike da matasa sanye da riga iri ɗaya, a raba kaya, a ɗauki hoton yaran mutane a sa a Facebook, kafin la'asar an tafi. Gara mutum huɗu da za su zauna mako uku a unguwa ɗaya, su komo cikin Agusta su duba ko gidajen sauron suna rataye, su sake komowa baɗi, da mutum arba'in na yini guda. Basamariyen nan na Luka sura 10 da ya kai mai rauni masauki, ya biya kuɗi, ya kuma yi alkawarin komowa. Zumunta a ƙafa take.

Ba kowa ne zai tafi ba, na sani. Amma majalisar dattawan ikkilisiyarku tana iya sa wannan magana cikin taronta na wannan wata. Baikon Lahadi ɗaya zai iya biyan kuɗin motar mutum biyu. Malamar makaranta tana da dogon hutu a tsakiyar damina, daidai lokacin da ake bukatarta. Nas da ta yi ritaya tana da sani da lokaci. Ɗalibin da ya koyi Faransanci zai yi tafinta a ofis. Shirin damina da rani ake yinsa, don haka wasiƙar farko zuwa 'yan'uwa na can kada ta wuce watan Fabrairu.

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, muna kawo gabanka yaran Zangon Paraku da na Zangon Jugu, da iyayensu mata da za su kwana a zaune daren nan da yaro mai zafin jiki a cinya. Ka ƙarfafa ma'aikatan lafiya na garuruwan nan da ikkilisiyarka da take can. Ka tā da mata da maza daga cikinmu da za su tafi, ka ba dattawanmu zuciyar sakinsu, ka kiyaye su a hanya. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.